CAF ta Faransa da tambayar "wa ke kwana a gidanki": bita ga masu 'yan'uwa a can

Duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a Faransa, daga Yelwa ta Garwa zuwa Domayo ta Marwa, har Kusseri da tsallaken gada a Njamena, ya saba jin kalmar "Kaf" a waya. "Inna, a yi haƙuri, Kaf ba ta shigo ba tukuna, sai biyar ga wata." Ita ce CAF, hukumar da ke biyan tallafin iyali da na haya da na marasa abin hannu. Wannan bitar a kan sashe ɗaya ne na aikinta: yadda take yanke cewa mutum biyu miji da mata ne, da yadda take kallon baƙon da ya kwana a gida. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami, kuma sau da yawa shawarar da ta tura su ciki daga gida ta fito, daga bakin iyayen da ke auna Faransa da mudun Kamaru ko na Chadi.

Mu fara ba ta haƙƙinta. Wajen biya ba ta da wasa. Kuɗi na fita biyar ga wata, in ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi a matsar zuwa ranar aiki mafi kusa. Manhajarta ta waya, Caf - Mon Compte, da shafinta na caf.fr suna aiki dare da rana. Da lambar sekirite sosiyal mai alƙaluma 13 ake shiga, a ga abin da aka biya, a ciro takardar shaida, a aika hoton takarda ba tare da an taka ofis ba. Tun Maris 2025 takardar bayyana kuɗin shiga ta kowane wata uku tana zuwa a cike da albashin da wurin aikinka ya riga ya sanar, naka dubawa ne da gyarawa. Lambar wayarta 3230, kuɗin kiran cikin gida ake cira. Wanda ya taɓa bin dosiye daga tebur zuwa tebur a ƙasashenmu zai ce ai wannan hutu ne. Hutun ne kuwa, ga wanda rayuwarsa ke tafiya a miƙe, ba aure, ba saki, ba baƙo. Rigima tana farawa ne ranar da wani ya shigo gidan da jaka a hannu.

Abin da ya sa hukumar ta sa ido a kan wannan magana kuɗi ne. Yawancin tallafin da gida ake lissafa shi, ba da kai ba. Ɗauki RSA, kuɗin da ake ba wanda ba shi da abin shiga. A lissafin da ya fara aiki 1 ga Afrilu 2025 (duk Afrilu ake sabunta shi), na mutum ɗaya Yuro 646.52 ne a wata, wajen sefa 424,000, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Na miji da mata marasa ɗa kuwa ɗaya da rabi ne, Yuro 969.78. Ke nan mutum biyu da suka ce kowa zaman kansa yake za su fi waɗanda suka ce tare suke da Yuro 323 duk wata, sefa 212,000. Ga uwar da ke renon ɗa ita kaɗai tazarar ta fi haka. Nata RSA mai ƙari yana kai wajen Yuro 1,107 in ɗanta ɗaya, kafin a cire abin da ake cirewa, kuma yana iya tafiya har autan ya cika shekara uku. Akwai kuma ASF, kusan Yuro 200 a wata a kan kowane yaron da ubansa ba ya ciyar da shi, wanda ke yankewa da zarar ta fara zama da namiji, ko da ba shi ne uban yaron ba. Tallafin haya, APL, da kuɗin shigar mutum biyun na wata 12 da suka wuce ake lissafa shi, ana sake lissafin duk wata uku. Kuɗin naƙasassu ne, AAH, aka daina haɗa shi da albashin abokin zama tun 1 ga Oktoba 2023.

A nan ya kamata na gida su sani cewa RSA ba na wanda ya sauka jiya ba ne. Galibi sai mai shekara 25 ko mai ɗa, kuma baƙon da ba ɗan Turai ba sai ya yi shekara biyar da takardar zama mai izinin aiki, in ban da ɗan gudun hijira, da mai katin zama na shekara goma, da uwa ko uban da ke reno shi kaɗai.

To mene ne "zama tare" a wurinsu? Sashe na 515-8 na kundin dokokin zaman jama'a na Faransa, wanda ya shigo a 1999, ya ce haɗuwar mutum biyu ce da ke rayuwa ɗaya mai ɗorewa, ba yankewa, a matsayin ma'aurata. Dokar RSA kuma, a sashe na L262-9, ta ce mai zaman kansa shi ne wanda ba ya zama da wani a bayyane kuma dindindin, kuma bai haɗa abin shigarsa da ɗawainiyarsa da kowa ba. Duba da kyau: babu adadin kwana. Maganar da ke yawo a zaurukan WhatsApp, wai kwana biyu a mako ba komai, na uku ne ke jawo magana, ba ta cikin kowace doka. A 2016 babbar kotun ƙararrakin gwamnati, Conseil d'État, ta ce da tarin alamomi masu gaskata juna ake tabbatar da zama tare, kuma haɗa aljihu da ɗawainiya na cikinsu. Saboda haka mutum na iya kwana gidan sau uku a mako bai zama miji a idonsu ba, in yana da gidansa da yake biya wa haya da wuta, kuma tukunyarsu ba ɗaya ba ce. Wani kuma direban babbar mota ne, sau biyu a wata yake kwana gida, amma shi ke biyan haya, adireshinsa na nan, kuma miji ne cikakke a lissafinsu. Wannan sassaucin yana da kyau ga alƙali. Ga mai cika fom kuwa duhu ne, kuma babban laifin CAF shi ne ba ta haskaka shi a daidai wurin da mutum ke buƙata.

Ga wurin. Yarinya ce aka ɗaura mata aure a ƙofar gidan mahaifinta a Garwa, da waliyyi da shaidu da sadaki, an raba goro da dabino, an yi fatiha. Ba a je meri ba, ba takardar ofishin magajin gari. Ta tare a ɗakin mijinta a Liyon. Ta buɗe manhaja, ta shiga Déclarer un changement, ta zaɓi Situation familiale, sai zaɓi ya jeru a gabanta: mai aure, mai yarjejeniyar Pacs (rajistar zama tare a hukuma wadda ba aure ba), mai zaman concubinage, marar aure. Ta danna na farko, a nemi takardar aure, ba ta da ita. Ta tambayi ma'anar na uku, a ce mata zaman dadiro. Ta kira gida, Goggo ta ce, "Subhanallahi! Ke da aka shafa wa fatiha a gaban jama'a? Kada ki kuskura ki rubuta wa kanki wannan suna." Sai ta bar shi a kan marar aure, tana ganin ta zaɓi mafi ƙarancin ƙarya. A lissafin CAF kuwa ta zaɓi babbar ƙaryar ke nan, wadda suke kira zamba in ta daɗe.

Amsar daidai ita ce ta ukun, duk da ɗacinta a kunne. Faransa ba ta san auren masallaci ba sai an haɗa da na hukuma, don haka duk auren da ba shi da takardar meri a wannan akwatin yake shiga. Kalmar ba hukunci ba ce a kan addinin kowa, suna ne na lissafi. Fom ɗin takarda ya ma fi na waya ladabi, don shi cewa ya yi kuna zaune tare ba tare da auren hukuma ko Pacs ba. Ranar da za a rubuta ita ce ranar tarewa, ranar da aka fara kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, ba ranar da aka tuna da cika fom ba. Wanda kuma ya yi auren meri a Garwa ko Ngaundere ko Njamena, takardarsa na aiki, "mai aure" zai danna ya aika hotonta. Jimla ɗaya a kan allon, mai cewa auren addini ko na gargajiya nan yake shiga, da ta raba dubban mutane da bashi. Hukumar da ke hulɗa da Musulmi masu yawa haka bai kamata a ce sai a bakin maƙwabta ake jin wannan ba.

Ruɗanin yana da asali. A gida takarda ake bi. CNPS, hukumar fansho da tallafin iyalan ma'aikata ta Kamaru, wadda tun 2024 take biyan sefa 4,500 a wata kan kowane ɗan ma'aikaci, takardar haihuwa da ta makaranta take nema. Ranar da ma'aikaci ya rasu, matar da ke da takardar aure ce ke da bakin magana a kan fansho, wadda ba ta da ita kuwa ta sha wahala ko da ta shekara talatin a ɗakin. Ba wanda zai zo ya duba wa ke kwana ina. Mutumin da ya tashi da wannan zai ɗauka cewa inda babu takarda babu aure a idon hukuma, don haka babu abin faɗa. A Faransa kiɗan ya juya: wajen ba ka gado ko fanshon mamaci sai da takarda, amma wajen rage maka tallafi zaman kawai ya isa.

Akwai wata jimla a ƙarshen sashen nan na L262-9 da ta shafe mu fiye da kowa. Ta ce in ɗaya daga cikin ma'auratan yana zaune a ƙasar waje, wanda ke Faransa ba a ɗaukarsa mai zaman kansa. Matar da ke Marsai da yara, maigidanta yana kasuwanci tsakanin Marwa da Kusseri, yana zuwa sau ɗaya a shekara, ba uwa mai reno ita kaɗai ba ce, ko da ita ke wanka da kai yara makaranta da komai. Matar aure za ta rubuta, ta ce mijin yana waje, ta bayyana abin da yake samu da abin da yake aiko mata. Haka magidancin da ya bar iyali a Garwa. Mai mata biyu kuma ya san cewa Faransa ba ta ba da takardar zama ga wanda ke zaune da mata fiye da ɗaya a cikin ƙasarta, kuma dabarar kama wa ta biyun ɗaki a rubuta ta a matsayin mai zaman kanta tsohuwar dabara ce da masu bincike suka haddace.

Sai baƙo. Nan labarin ya fi daɗi fiye da yadda tsoro ke nunawa. Hajiya ta zo daga Garwa wankan jegon 'yarta, ta yi arba'in ko wata biyu, ba abin da zai taɓa kuɗin kowa. Kawu ya biyo ta Faris ganin likita ya yi mako uku, haka. Wanda ya zo da bizar ziyara, wadda ba ta wuce kwana 90, baƙo ne, kuma takardar da ta kawo shi ita ce shaidarsa. Ana kiranta attestation d'accueil. Mai masauki ke nemanta a meri ɗin garinsu da katin shaidarsa, da takardar haya, da faktir ɗin wuta, da shaidar abin da yake samu, da tambarin haraji na Yuro 30. Baƙon kuma sai da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ainihin takardar ake aikowa gida, ba hoto ba, don a haɗa a dosiyen biza. A jikinta an rubuta ranar zuwa da ranar komawa. A ajiye kwafinta tare da tikitin jirgi da hoton fasfo. Ranar da maƙwabci ya kai tsegumi cewa akwai namiji a gidan, waɗannan ukun sun kashe maganar. Abu ɗaya: mai karɓar RSA na iya shan wuya wajen samun takardar, don meri na duba ko yana da ƙarfin ɗaukar baƙon, kuma in wata ɗaya ya wuce ba amsa, an ƙi ke nan.

Baƙon da ya sauke kaya ya zauna kuwa hukuncinsa dabam. Wanda ya wuce wata shida a gidan ana ɗaukarsa mazaunin gida, kuma abin da yake samu na iya shiga lissafin APL ɗin mai masauki, ko ƙani ne ko ɗan gari. Shi kansa baƙon in yana karɓar RSA, za a cire masa wani kaso duk wata, Yuro 77.58 a lissafin 2025, saboda ba ya biyan haya. Wannan ba laifi ba ne, lissafi ne, muddin an faɗa. Masu haya tare kuma, kamar samari biyu ko uku da suka haɗa gida, kowa sunansa ya fito a takardar haya, kowa ya biya kasonsa daga asusunsa, kowa ya nemi tallafinsa.

Tarkon da ya fi kama mutanen kirki shi ne aron adireshi. Ɗan unguwarku ya sauka, yana kwana yau nan gobe can, yana buƙatar adireshi don buɗe asusun banki ko sabunta takardar zama. Ya ce, "Adda, don Allah ki taimake ni da takardar masauki." A al'adarmu wa zai ce a'a? Sai ta rubuta attestation d'hébergement, ta sa hannu cewa yana zaune a gidanta, alhali ko buta bai ajiye a can ba. Daga ranar adireshin ya fara haihuwa: banki, inshorar lafiya, ofishin haraji, wurin aiki, katin mota, kamfanin waya. Don wasiƙunsa su iso, ta liƙa sunansa a akwatin wasiƙa. Bayan shekara biyu na'urar CAF, wadda ke musayar bayanai da ofishin haraji da France Travail, hukumar masu neman aiki, ta ga mace mai karɓar kuɗin reno ita kaɗai da namiji mai albashi a ƙofa ɗaya. In ya taɓa tura mata kuɗi sau uku ko huɗu, ko na adashi ne ko saƙon da za a kai wa tsohuwarsa a Marwa, alamomi sun fara gaskata juna. Kuma takardar da ta sa wa hannu ba gaskiya ba ce tun farko, wannan ma laifi ne mai zaman kansa. Mafita tana nan, kyauta: ofishin jin daɗin jama'a na kowace ƙaramar hukuma, CCAS, da wasu ƙungiyoyin da aka amince da su suna ba marar tsayayyen masauki adireshi, ana kiran abin domiciliation. A raka shi can, an yi zumunci ba a ɗauko wa kai wuta ba. In kuwa da gaske yana gidan, a sanar da CAF ranar shigarsa, ranar da ya tashi kuma a tsaya a kansa sai ya sauya adireshi a ko'ina, a cire sunan daga akwatin.

Kuɗin adashi ma a ba shi kulawa. Duk kuɗin da ya shiga asusu ba bayani, mai bincike na iya lissafa shi a matsayin abin shiga. Uwar adashi ta riƙe littafi da sunaye da ranaku, masu zubi kuma su rubuta dalili a jikin kowace turawa.

Yaji da saki da kome su ma manhajar ba ta san su ba. Matar da ta yi yaji mako biyu ta koma, ba abin sanarwa. Wadda aka saka, ko da baki ko da 'yar takarda, za ta iya sanar da rabuwa ba sai kotu ta yi magana ba, amma fa rabuwar ta zama ta gaske a aljihu da adireshi. Idda ce ke kawo cikas, don addini ya ce ta yi ta a ɗakinta, CAF kuma tana ganin mutum biyu a gida ɗaya. Hukumar tana karɓar rabuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya, amma da hujja: takardar neman gidan gwamnati da sunan mutum ɗaya, wasiƙar lauya, asusun banki da aka raba. In an yi biko ta koma, ko ya mayar da ita kafin idda ta cika, a ranar za a shiga a danna komawa zama tare. Da yawa suna sanar da rabuwa da gudu saboda kuɗi na ƙaruwa, su manta da sanar da kome, sai haihuwa ta tona. Jaririn da aka haifa bayan shekara biyu da "rabuwa", uban nan dai ya je meri ya amsa nasa ne, yana cikin manyan alamomin da suke riƙewa. Haka rashin neman kuɗin ciyarwa. Mai karɓar ASF saboda uba ba ya biya ana ba ta wata huɗu ta fara bin hanyar da za a yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. Matanmu da yawa ba sa iya kai uban 'ya'yansu gaban alƙali, don kunya da gudun maganar dangi a gida. Mu mun san dalili. A cikin dosiye kuwa abin yana kama da ba a rabu ba.

Bincike kashi uku ne: na na'ura, na takardu da ake nema ta wasiƙa, da na zuwa gida. Mai zuwa gida ma'aikaci ne da ya yi rantsuwa a kotu, yana da katin aiki, a nemi gani. Galibi wasiƙa na riga shi zuwa da rana da jerin takardu, amma yana iya zuwa ba sanarwa. Kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa, doka ta ba shi damar neman bayanai daga banki da kamfanin wuta da na waya da wurin aiki, don haka yawancin tambayoyinsa ya riga ya san amsarsu. Zai zauna a tebur ya buɗe kwamfuta, ya ce a kawo fasfo, takardar haya, rasiɗan haya, faktir, da takardun shige da ficen kuɗi na kowane asusu. Wa ke biyan wuta? Me ya sa katin bankin wane ke sayayya a kantin ƙasan benen nan duk Asabar? Takalman nan na bakin ƙofa na wane ne? Ba shi da ikon buɗe durowa ko kwaba, kuma kana iya hana shi shiga, sai dai ƙin ba da haɗin kai na iya sa a dakatar da biya. Kana da damar ajiye wani a gefenka, kuma wanda Faransancinsa na kasuwa ne lallai ya nemo mai ji sosai.

Nan tarbiyyarmu ke juyewa ta zama hujja a kanmu. Mace ba ta faɗar sunan miji, sai "baban yara". Ana sunkuyar da kai, ana cewa "to" ga tambayar da ba a gane ba. Ana kiran duk ɗan gari "ɗan'uwana", mai bincike ya rubuta "frère", ya duba takardun haihuwa ya ga uwa dabam uba dabam, ya rubuta cewa an yi masa ƙarya. A faɗi dangantaka yadda take: ɗan ƙanin babana ne, ɗan unguwarmu ne a Garwa, ba mu haɗa jini ba. Kada a sa hannu a kan bayanin da ba a karanta ba. Abin da ya gani ya rubuta ana ɗaukarsa gaskiya har sai an kawo hujjar da ta rushe shi, saboda haka lokacin da aka ba ka na mayar da martani a kan sakamakon bincikensa shi ne lokacin zube takardu, ba bayan bashi ya fito ba. Fasfo kuma ba don ado yake dubawa ba. Mai RSA da ya wuce wata uku a waje cikin shekara, watannin da ya cika a Faransa kaɗai ake biyansa. Tallafin yara tun Janairu 2025 sai an zauna wata tara a ƙasar, APL kuma sai an zauna wata takwas a gidan. Mai zuwa gida azumi ya zarce har babbar salla da bikin ƙanwa ya riƙa ƙirga kwanakinsa.

Wa ake zaɓa a bincika? Hukumar na amfani da lissafin kwamfuta da ke ba kowane dosiye maki tsakanin 0 da 1. A Nuwamba 2023 ƙungiyar La Quadrature du Net ta wallafa tsofaffin nau'o'in lissafin, ta nuna cewa ƙarancin kuɗin shiga da karɓar RSA da reno kai kaɗai suna ɗaga makin. A Oktoba 2024 ƙungiyoyi 15, har da reshen Amnesty International na Faransa, suka kai ƙara Conseil d'État a kansa. Tun 2017 ma mai kare haƙƙin jama'a na ƙasar, Défenseur des droits, ya fitar da rahoto yana sukar yadda ake cakuɗa kuskure da zamba. A ganinmu wannan ne tabo mafi muni a aikin CAF: wadda ta fi rauni ita ta fi ganin mai bincike, kuma ita ce ba ta da kuɗin lauya.

In an yanke cewa tare kuke, wasiƙar bashi za ta zo. Ana komawa baya shekara biyu, in an ce da gangan ne shekara biyar, a ɗora tara, a ƙara kashi 10 cikin ɗari. Yi lissafi: mace da ɗa ɗaya tana karɓar, a ce, Yuro 900 a wata, mijin yana kan mafi ƙarancin albashi, wajen Yuro 1,400 a hannu. Iyakar RSA ta miji da mata da ɗa ɗaya a lissafin 2025 Yuro 1,163.74 ce, albashinsa ya haura ta, ke nan duk abin da ta karɓa bashi ne. Wata 24 ya ba da Yuro 21,600, sama da sefa miliyan 14, kuɗin gina gida a Rumde Ajiya. Abin takaicin, da sun faɗi gaskiya tun farko da wataƙila sun samu ƙarin da ake ba masu ƙaramin albashi, prime d'activité, wanda daga watan da aka nema yake farawa, ba a biyan na baya. Garin neman gira an rasa ido. Wanda ya gano kuskurensa da kansa ya je ya gyara kafin a zo masa yana cikin inuwar dokar 2018 ta haƙƙin yin kuskure: zai mayar da abin da ya karɓa, amma ba tara.

Wata biyu ne wa'adin ƙalubalantar wasiƙar, daga ranar da ta iso, kuma ƙofofin ba ɗaya ba ne, abin da wasiƙun CAF masu ƙananan haruffa da lambobin bashi barkatai ba sa sauƙaƙa ganewa. Na tallafin yara da ASF, kwamitin sulhu na CAF ɗin ake rubuta wa, CRA, in bai yi ba sai sashen jin daɗin jama'a na kotun shari'a. Na RSA shugaban majalisar département, wato lardin da kake zaune, ake rubuta wa, daga nan kotun ƙararrakin gwamnati. Na APL ma a wannan kotun yake ƙarewa bayan an bi ta CAF. Bashi uku a wasiƙa ɗaya na iya buƙatar takarda uku. A aika da wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, a haɗa hujjar cewa wancan yana da nasa wurin: takardar hayarsa, faktir ɗin wutarsa da ke nuna ana amfani da ita, rasiɗansa. Ƙorafin RSA na dakatar da cirar bashin har a amsa, in an ci gaba da cira a rubuta a tuna musu. Ofisoshin France Services da ma'aikatan jin daɗin jama'a na CCAS suna taimakawa da rubutun kyauta, marar ƙarfi kuma na iya neman gwamnati ta biya masa lauya.

A kula da bambancin takardu biyu da mutane ke haɗawa. Ɗaya tana cewa bashin nan ba gaskiya ba ne, ba tare muke ba. Ɗayar, remise de dette, tana cewa a yafe mini ko a rage, ba ni da hali. Ana ɗaukar ta biyun kamar ka amsa bashin, kuma ba a yafe wa wanda aka rubuta wa zamba. Wanda ya san ba tare suke ba ya fara da ta farkon, cikin wata biyun, ko da 3230 sun ce masa a waya ana duba dosiyensa. Maganar waya ba ta tsayar da wa'adi.